Farar Motar Madam Mardiya

Daga Yamai abin ya faro, kamar yawancin wahalar da mu 'yan lakwal, wato 'yan boko, na Madawa muke jawo wa kanmu. Madam Mardiya, wadda ta daɗe tana direktiris, wato shugabar makaranta, kafin ta ajiye alli, ta tafi can zaman jegon 'yarta. Wata yamma surukinta ya fita da su shan iska, sai ta hangi wata mota tsaye bakin titi, an yanke mata taga a gefe. Samari biyu ne a ciki, da fararen riguna da fararen huluna, suna miƙo abinci, mutane sun yi layi kamar ranar albashi. Ba rumfa, ba benci, ba ƙuda. Wanda ya karɓi nasa sai ya zagaya bayan motar ya biya. Da abinci ya ƙare aka ja taga, mota ta yi gaba.

Madam ba ta ci ko loma ba, don ba ta cin abinci gaban suruki, amma ta ƙoshi da kallo.

Da ta dawo gida, ko gajiyar hanya ba ta sake ta ba ta nufi tasha, rumfar Dela. Dela taubashiyarta ce, 'yar kawunta, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba sai ɗaya ta kira ɗaya baiwarta. A rumfar nan ta kara Dela ke sayar da tuwo da miyar guro da shinkafa da wake, direbobi da masu lodin albasa ba sa yanke mata.

"A'a, baiwata ta dawo daga birni!" in ji Dela tana kwasar tuwo. "Mi kinka kawo ma uwargijiyarki?"

"Wayewa na kawo miki." Madam ta kakkaɓe benci da hankici kafin ta zauna. "Dela, zamanin rumfa ya wuce. Yanzu abinci ke bin mutane."

"Mun daɗe da sani. Shi ya sa 'yan talla ke yawo da tire bisa kai."

"Ba talla ba. Mota. Gidan abinci mai taya huɗu. Yau Buza, gobe Keita, duk inda kasuwa ke ci. Ke kina nan zaune kina kora ƙuda, ni ina can ina kora kuɗi cikin jaka."

"Ke? Ke da ko ruwan zafi sai kin duba littafi?"

Masu cin tuwo suka kwashe da dariya. Wanda ya san Madam ya san ba a yi mata dariya a cikin aji, tasha kuwa yau ta zama aji. Ta miƙe tsaye, ta gyara tabarau, ta ɗaga yatsa.

"Ku zama shaidu. Zan cika tukwanena in tafi kasuwar Buza in sayar da su ƙarƙaf kafin la'asar. In na dawo da ko cokali guda ban sayar ba, zan zauna nan, gaban kowa, in wanke ma Dela tukwane har kasuwa ta zagayo."

"In kin saida fa?"

"Ki rufe wannan akurki, ki sa farar riga, ki biyo ni kina ce mini patron, uwargijiya ke nan da Faransanci."

"Malam Shafi'i, ka ji dai," in ji Dela.

Malam Shafi'i, sarkin tasha, ya lashe yatsunsa ya ce ya ji, kuma shi ne alƙali.

Madam ta sayar da bijimanta biyu da ke wurin kiwo. Mota kuwa ba ta sha wahalar samu ba. Wani porje, irin na ƙungiyoyin ba da agaji, da ya tattara kayansa ya tafi ya bar tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya a wani garaji, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Madam ta leƙa ciki ta ga fili, ta ga doguwar shimfiɗar ƙarfe da ake kwantar da mutum, ta ce wannan ai tebur ne Allah ya ajiye mata. Mai fenti ya tambaye ta ko a shafa ruwan ɗorawa, ko kore, ta ce fari. Fari shi ne tsabta, duk wanda ya yi karatu ya san haka. Aka rubuta sunanta a gefe da Faransanci, da wani lanƙwasasshen rubutu wanda ita kanta sai ta matsa kusa take karanta shi.

Direba ta ɗauki Mutari, ƙanin mijinta, mutum mai mata da 'ya'ya, wanda ke zaman jiran aiki tun ranar da ya juye lodin albasa a cikin kwazazzabo. Shi ne ya hana a cire fitilar da ke saman motar da jiniya.

"Madam, wagga jiniya ita ce tallarmu. Kowa ya ji ta sai ya waiwayo."

"Ka fara tunani irin na 'yan kasuwa," in ji Madam.

Ranar kasuwa ta yi girki tun da asuba: dafa-duka da naman rago, taliya, soyayyen dankali, da salati mai albasa. A faɗi gaskiya girkin ya yi daɗi, kuma wannan ma yana cikin abin takaicin. Ta sa farar riga har gwiwa a kan zanenta, ta sa farar hula, da safar hannu, da takunkumi, kamar yadda ta gani a Yamai, har ta ɗara su. Mutari ma aka sa masa nasa. Sai da suka biya ta gaban tasha, jiniya na kuka.

Dela ta fito da muciya a hannu. "Inna lillahi! Wa za a kai?"

"Hassada ga mai rabo taki ce," Madam ta faɗa ta taga.

"Sauka lafiya, Likita! Allah shi ba mai jinya sauƙi!"

A shingen fita gari ko tambayarsu ba a yi ba, aka saki igiya. A hanya masu amalanke suka riƙa sauka gefe da jakunansu, wani tsoho ma ya ɗaga hannu biyu yana addu'a.

"Ka gani ko, Mutari? Tsabta kwarjini gare ta."

"Wallahi Madam, tun da nike tuƙi ba a taɓa ba ni hanya haka ba."

Sun kusa Buza, wajen wata 'yar mararraba da masu zuwa daga ƙauyukan Karofan ke fitowa, sai ga maza a tsakiyar hanya suna kaɗa rawani. Mutari ya taka birki, tukwane suka gaisa da juna. A gefe ga amalanke, bisa shi ga wata mace kwance tana murƙususu, jakin kuma ya durƙusa ya ce shi ya gama.

"Alhamdu lillahi! Likita ta zo!" Wani saurayi ya rugo, gumi na zuba. "Likita, sunana Nazifi, matata ce, haihuwa ce, tun jiya take fama. Allah ne ya turo ku!"

Madam ta buɗe baki. Abin da ya kamata ta faɗa gajere ne, kuma ta san shi. Amma matar ta yi wata ƙara, kuma kalmar nan "likita" ta sauka a kunnen Madam da wani sanyi da "direktiris" ba ta taɓa yi ba. Sai ta ji muryarta ta tsakar lakwal ta fito da kanta.

"Ku daina taruwa a kanta! Kai, riƙe nan. Kai, buɗe baya. A hankali, na ce!"

Aka kwashe kwanonin salati daga kan tebur, tebur ya koma aikinsa na asali. Mai naƙuda ta shiga, uwar mijinta Inna Kaltuma ta shiga, wata gwaggo ta shiga da tabarma da buta da ƙullin tsumma, Nazifi ya matse a gaba. Inna Kaltuma ta rungume tukunyar dafa-duka tsakanin gwiwoyinta don kada ta kife, ta ɗaga murfi ta leƙa.

"Ikon Allah. Likitocin yanzu har da girkinsu suke tafe."

"Inna, a rufe, ƙura."

"Ɗiyata, duba ta mana. Ya sauko?"

Madam ta yi shekaru tana zana wannan al'amari da alli a kan allo, da kibiyoyi da sunaye, kuma ita ma ta haihu, amma ba ta taɓa tsayawa ta wannan ɓangaren ba. Ta dubi rufin mota da kyau ta ce komai na tafiya daidai. Mai naƙuda ta damƙe mata hannu har safar ta yage. Madam ta ce ta ja numfashi, ta ce Mutari ya ƙara wuta, ta ce ya rage, ta karanta duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Gwaggo kuwa, don ta kwantar da hankalinta, ta jawo kwanon dankali ta sa a gaba.

Da haka suka shiga Buza. Mutari bai ga dalilin zagaye ba, ya ratsa ta bakin kasuwa, jiniya na tsaga kunne, awaki na tsalle, masu tabarmi na janye kaya. Duk wanda ya zo cin kasuwa ranar ya ga farar mota ta tsaya ƙofar gidan likita, ya ga mace mai farar riga ta diro tana ba da umarni da hannu biyu. Ma'aikatan wurin suka karɓi matar suka shige da ita. Ko gumi Madam ba ta gama sharewa ba aka rangaɗa guɗa daga ciki. Mace aka samu.

"To," in ji Madam, "mun yi aikin lada. Yanzu a yi na kuɗi."

Aka wanke tebur da sabulu har sau ba adadi. Suka sami inuwar wani gawo a gefen kasuwa, aka buɗe taga. Madam ta rataye allon da ta rubuta farashi a kai, da Faransanci, da rubutunta mai kyau wanda sufetoci suka sha yabo, ta rataye shi can sama inda yara ba za su taɓa ba. Ta zaunar da Mutari a ƙofar baya da gwangwanin madara da jan bironta na gyaran jarrabawa, ko da lissafi zai taso.

"Kai ne kes. Ni in zuba, su zagayo su biya ka. Kamar Yamai."

Kafin ta ɗaga murfin farko layi ya kafu. Kuma layi ne na gaske, miƙaƙƙe, mata a gefe maza a gefe, ba turereniya. Madam ta ji hawaye na neman zubo mata. Shekara nawa tana fama da yara su yi layi irin wannan! Ba ta tsaya ta tambayi kanta a ina mutanen ƙauyukan nan suka koyi layi haka ba, ko a gaban wace irin mota suka saba yin sa.

Ta farko mace ce da goyo, ta miƙo wata ƙatuwar roba.

"Na nawa za a zuba?"

"Yadda Allah ya hore, Likita. Muna da yawa a gida."

Madam ta cika robar har ta yi tozo. Babban ciniki ke nan tun a buɗe taga, kuma kowa da kwanonsa, ba ta da wanki. "Zagaya baya," ta ce. "Na gaba!"

Abin da ke faruwa a baya kuwa, taga ba ta nuna mata. Matar ta zagaya ta tsaya gaban Mutari, ta miƙa masa ɗan ƙaramin yatsanta. Mutari ya dubi yatsa, ya dubi gwangwani.

"Kuɗin fa?"

"Wane kuɗi? Tun yaushe porje ke amsar kuɗi? Sa mini shaida in wuce, Majo, kada a ce na amsa sau biyu."

Majo shi ne babban ma'aikacin gidan likita, wanda ko maigari ya shiga wurinsa sai ya cire takalmi. Mutari, wanda tun juyewar albasa ba a kira shi da abin da ya fi "kai" ba, ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya gyara farar hula. Ya cire murfin biro, ya kama yatsan, ya shafa masa ja a farce, a tsanake, kamar wanda ya gaji aikin.

"Na gaba," ya ce.

Rana ta take, layi sai ƙaruwa yake. Labari ya kai kasuwar dabbobi, Fulani suka bar shanu suka zo da ƙorai. Wani dattijo ya ce a ƙara masa nama saboda hawan jini, Madam ta ce nama ba ya maganin hawan jini, amma ta ƙara, mai saye ai sarki ne. Wata ta miƙo jaririnta ta taga a duba masa ido, Madam ta ce a riƙa wanke masa fuska, ta zuba mata taliya. Can sai ta hangi masu tuwon kasuwa su ma sun rufe tukwanensu sun shiga layi da robobi. Nan ne ta ji da ma Dela na kusa.

"Mutari! Yaya kes?"

"Aiki na tafiya, Madam! Hannuna har ya gaji!"

"Haka ake so!"

Tana kankare gindin tukunyar ƙarshe, azahar ko gotawa ba ta yi ba, sai wani sanƙira ya ɓullo daga cikin taro, ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya ɗaga murya.

"Ina mutanen Buza! Ga uwar marayu! Ga wadda ta karɓi haihuwa da safe ta ciyar da gari da rana! Farar mota, farar riga, farar zuciya! Ci ka ƙoshi ka wuce, ba dala ba tamma, don Allah da Annabi!"

Ludayi ya tsaya a hannun Madam. Ta ajiye shi a hankali, ta sauko, ta zagaya baya. Mutari na zaune ya harɗe ƙafa, yana gargaɗin wani tsoho cewa ya gane shi, ɗazu ya zo da ɗayan hannun. A cikin gwangwani akwai ƙwan zabo biyu da goro ɗaya.

"Mutari," ta ce da ƙaramar murya, "ina kuɗin?"

"Madam, ai... sun ce porje ne."

"Kai kuma ka ce musu me?"

"Madam, Majo sunka ce mini. Gaban mutane. Ke ma na ji ana ce miki Likita tun safe ban ji kin hana ba."

Madam ta cire takunkumi. Ta juya ta fuskanci taron, ta cika ƙirji da iska. Za ta gaya musu yanzun nan cewa wannan abinci na sayarwa ne, ga allo can sama, bijimai biyu ne suka narke a cikin robobinsu. Sai taron ya dare, sarkin kasuwa ya iso da dattawa a bayansa, ya ɗaga tafin hannu sama.

"Jama'a, a yi ma baiwar Allah wagga addu'a. Mun ga porje iri-iri, masu gari, masu biskit, masu gidan sauro. Ba mu taɓa ganin wanda ya zo da dafaffe ba, har da nama. Allah shi ƙara arziki!"

"Amin!" kasuwa ta amsa.

"Allah shi maida ninki!"

"Amin," in ji Madam, kuma duk cikin taron babu wanda ya kai ta nufin wannan amin ɗin.

"Likita za ta yi muna jawabi."

Ɗaruruwan idanu suka zubo mata, duk da maiƙo a leɓe. Madam ta duba, ta auna, ta ga maganar kuɗi ba ta da ƙofar shiga. Sai ta gyara tabarau ta yi musu jawabi a kan wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga ban ɗaki. An yi tafi sosai.

A hanyar dawowa ba a kunna jiniya ba. Sai da suka hango Madawa ta yi magana.

"Tukwane sun ƙare ko ba su ƙare ba?"

"Sun ƙare."

"Kafin la'asar ko bayan la'asar?"

"Kafin."

"To abin da ka sani ke nan. In ka ƙara ko harafi, sai yayanka ya ji labarin Majo."

A tasha aka sauke tukwane ɗaya bayan ɗaya gaban rumfa, Madam na ƙwanƙwasa kowace da ludayi don a ji ƙararta. Dela ta leƙa ciki, ta shafa da yatsa, ta dubi Madam, ta dubi Mutari. Mutari ya durƙusa yana binciken taya.

"Duka?" in ji Dela.

"Har masu tuwon Buza sun shiga layi. Tambayi kowa."

"To ina cinikin?"

"Ba a nuna kuɗi a tasha, Dela. Wannan ma yana cikin wayewa."

Malam Shafi'i ya ce shi abin da ido ya gani yake hukunci da shi, gobe da hantsi Dela ta sa farar riga. Dela ta kwashi muciyarta ta shige rumfa. Madam ta koma gida da nasara, amma ko tuwon dare ta kasa ci.

Washegari tasha ta cika, har waɗanda ba su da tafiya sun zo. Madam ta zauna kan benci cikin shadda mai sitaci. Dela ta sa farar rigar, wadda ta ƙi haɗuwa a gaba, ta ɗora hula a kan ɗankwali, ta tsaya ta ɓata fuska kamar mai shan maɗaci.

"Muna jira," in ji Madam. "Da ƙarfi, yadda na baya za su ji. Pa..."

Motar Buza ta shigo tasha ta tsaya. Mutum na farko da ya diro saurayi ne riƙe da zabi biyu a ɗaure. Ya waiga, ya ga farar mota, ya ga mai tabarau, ya rugo ya zube gabanta.

"Likita! Ashe zan gane ki ko ba rigar! Mai jego na gaisuwa, Inna Kaltuma na gaisuwa. Ga zabi, ba yawa. Kuma mun yanke, ranar suna sunanki za a sa ma yarinya. Yaya sunan ma?"

"Mardiya," in ji Dela da sauri, idonta ya fara haske. "Samari, a ina ka san likitarmu?"

"Wa bai san ta ba? Jiya ta kai matata haihuwa, ta fito ta raba ma Buza abinci kyauta tun daga hantsi har azahar!"

"Kyauta?"

"Ko dala ba ta amsa ba! Ga shaida ma." Ya ɗaga ɗan yatsansa, farcen ja wur. Ya hangi Mutari na sulalewa bayan motar albasa. "A'a, Majo! Ina gajiya?"

Madam ta ce da Faransanci wannan rashin fahimta ne, za a tattauna a keɓe. Ba wanda ya saurare ta, don wasu dattawa biyu sun sauko daga motar, da wata mata mai tulin robobi a kai, sun nufo ta fuska ba walwala.

"Ke ce mai porjen shinkafa?" in ji babbansu. "Daga Tabotaki muke. Mun zo mu ji laifin da munka yi. Kullum abu ya zo sai a tsaya Buza. Mu ba mutane ba ne?"

"Ni daga Garhanga," in ji mai robobi. "Can ƙanwata ke aure Buza, ita ta kira ni. A sa mu cikin na gaba. Kuma ta ce taliyar gishiri ya yi kaɗan."

Dariyar da aka yi a tashar Madawa ranar, masu lodi sai da suka sauke buhuna don kada su faɗi da su. Malam Shafi'i ya yi ƙoƙarin yanke hukunci ya kasa, sai nuni yake da hannu wajen tulin tukwanen Dela. Dela kuwa ta cire hula a tsanake, ta cire riga, ta ninke, ta miƙa da hannu biyu har da ɗan rusunawa.

"Uwar marayu, ga kayan aikinki. Ki fara da ta miyar guro, ita ta fi kamu."

Madam ta dubi zabi, ta dubi dattawan Tabotaki, ta dubi farar motar da ta ci bijimai biyu. Ta ce da dattawan porje ya rufe, mai shi ya karye. Ta karɓi riga ta sa a kan shaddarta, ta zaro sabuwar safar hannu daga jaka, don ko a faɗuwa akwai tsari, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna gaban tukwane.

"Baiwata," in ji Dela, "in kin gama ki zagaya baya in sa miki ja a farce."

"Ki yi ta kanki. Wannan soson naki ma ya isa a kai shi gidan likita."

"Ga mota nan, kai shi."

Ta wanke su kuwa, har kasuwa ta zagayo, kuma tun da aka kafa rumfar tukwanen ba su taɓa ƙyalli irin na makon nan ba. Matafiya suka riƙa saukowa daga motocin Konni da na Maraɗi, su ga mace mai tabarau da farar riga da safar hannu tana dirzar tukunya, su taɓa juna su ce ga inda za a ci, nan har likita ke musu wanke-wanke. Dela ta ƙara benci biyu.

Ranar ƙarshe Madam ta ɗauraye hannu, ta dubi layin da ya miƙe daga bakin rumfa har gindin farar motarta, wadda kaji suka riga suka koma ƙarƙashinta.

"Kin gani ko, Dela?" ta ce. "Na gaya miki tsabta na jawo ciniki."

"Kin faɗa, Likita," in ji Dela tana kwasar tuwo. "Saura ki koyi amsar kuɗin."